Baƙon Yamai: inda za a sauka da inda za a ci, kada ciki ya cinye jari



Duk ranar Allah, tun kafin kiran assalatu, manyan motocin kar ke tashi daga Damagaram, Maraɗi da Tawa su nufi Yamai cike da masu zuwa saro kaya ko kai nasu. Daga Maraɗi tafiyar ta kai wajen kilomita 660, daga Tawa wajen 550, daga Damagaram kuwa kusan 900. Mutum zai sauka jiki duk ya mutu, ga yunwa, ga kuɗin mutane ɗaure a ƙugu, kuma bai san gabas ba balle yamma. A shirin da muke gabatarwa a rediyo sau da yawa masu saurare kan bugo tarho suna tambayarmu inda ya kamata baƙo ya sauka da inda zai ci abinci hankali kwance. Wata baiwar Allah daga yankin Tasawa ta ba mu labarin zuwanta na farko saro zannuwa: kwana uku ta yi niyya, ta yi biyar, biyu daga ciki a kwance saboda wani abinci da ta saya a tasha. Da ta koma gida ta yi lissafi, kuɗin taksi da na magani da na ci sun lashe ribar tafiyar baki ɗaya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da muka sani game da garin da muka daɗe muna zaune cikinsa, tunda Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

A fara sanin garin

Yamai ta zama babban birnin ƙasa a 1926, bayan da Turawa suka ɗauke mazaunin mulki daga Damagaram. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanenta sun zarce miliyan 1, kuma tun daga lokacin garin sai faɗaɗa yake yi. Kogin Kwara ya raba shi biyu. Manyan kasuwanni da ma'aikatu suna wannan gaɓar da mai zuwa daga Doso ke fara shiga, ɗaya gaɓar kuma ita ce Harobanda, wato bayan ruwa da Zabarmanci. Gadoji 3 ne suka haɗa su: gadar Kennedy ta 1970, gadar abutar Sin da Nijar ta 2011, da gadar Janar Seyni Kunce ta 2021.

Yamai garin taksi ne, ba kamar Maraɗi ko Damagaram ba inda aka saba da kabu-kabu. Taksin kuma na haɗaka ne: za ki tsaya bakin gudro ki faɗi unguwar da za ki, in hanyarsa ce ya tsaya, in ba ita ba ya wuce, kada ki ɗauka wulaƙanci ne. Shekaru da dama dala 40 ake biya zuwa wuri na kusa. Yanzu farashin ya danganta da nisa da yawan kaya, don haka a yi magana tun ƙafa tana ƙasa. Mai son sauƙi ya nemi ƙananan motocin da ake kira faba-faba, masu bin manyan hanyoyi zuwa unguwannin gefe.

Game da harshe, kada a damu. Babu kasuwar da ba a jin Hausa a Yamai. Amma wanda ya iya cewa fofo, ya iya tambayar marje, wato nawa, ya rage wa kansa tsadar baƙunta. Zabarmawa ma da dala suke lissafi kamar mu: waranka dala 20 ce, waygu dala 50, zangu dala 100, zangu hinka kuma jikka guda.

Ina za a sauka

Shawararmu ta farko ita ce a sauka kusa da kasuwar da aka zo dominta, don kuɗin taksi na safe da maraice shi ke fara ɓalgace jari.

Mai harkar zannuwa, takalma, kayan kwalliya da kayan ɗaki, Babbar Kasuwa ce wurinsa, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene. Ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987, kuma da maraice ake rufe ƙofofinta. Unguwannin da ke kewaye da ita, irin su Zango, Mawre, Lakurusu, Kalle da Banizumbu, duk da ƙafa ake zuwa kasuwa daga cikinsu. Zango tsohon masaukin fatake ne, kuma har gobe da wuya Bahaushe ya shiga can ya rasa wanda ya san wani nasa. Mu lura da abu guda: ƙaramar kasuwar nan ta Habu Ganda da tsofaffin matafiya ke ba da labarinta ta ƙone a 2012, ƴan kasuwarta sun watsu wasu wurare, don haka kada a bi tsohon kwatance.

Mai harkar hatsi, albasa, tukwanen dalma, ƙarafa da kayan gini, Katako zai nufa, kusa da gadar sama ta Jori Hamani da aka buɗe a 2018. Unguwar Bukoki ce ke jingine da ita. Cunkoso gare ta, kuma da damina lungunanta sai haƙuri, amma nan ne ƴan ci-rani daga Adar, Gobir da Arewa suka fi yawa, ɗaki da abinci kuma sun fi araha.

Wadata tana da kasuwarta da babbar tashar mota, ga kuma cibiyar masu sana'ar hannu inda ake samun jakunkunan fata da takalma. Mai ƙananan motoci a hanyarsa ta komawa gida zai ji daɗin sauka nan. Mai dabbobi kuwa kasuwar Turaku ce tasa, wajen unguwar Lazare. Talaje, kan hanyar filin jirgin sama, ta dace da wanda ya iso da dare ba ya son kutsawa tsakiyar gari da kaya.

Filato unguwar ma'aikatu ce da ofisoshi, da inuwar itatuwa da tsabta, amma komai nata da tsada. A je ta don takarda ko banki, a dawo. Harobanda kuma, inda jami'ar Abdu Mumuni take, tana da sauƙin rayuwa saboda ɗalibai, sai dai abu biyu: cunkoson gadar Kennedy safe da maraice, da ambaliya. A 2020 ruwa ya fasa shingen kogi ya mamaye unguwanni irin su Lamorde, Karaje da Kirkisoy. Wanda zai ajiye kaya can tsakanin Agusta da Satumba ya fara duba tudun wurin.

Karin kumallo

Gidan shan kafe na talaka a Yamai shi ne teburin mai shayi. Kowace mahaɗar hanya akwai shi: benci, babbar buta kan gawayi, gwangwanayen madara a jere, burodi dogo a cikin buhu. Da an sallame sallar asuba ya buɗe. Kafe da madara ko shayi, da rabin burodi da soyayyen ƙwai da albasa, sun isa su riƙe mutum har azahar. Ga dabara: a faɗa masa yawan sukari da madara tun farko, kuma a tambayi kuɗin kowane abu daban, don wasu in sun ga baƙo sai su haɗa lissafi a dunƙule. A teburin nan ne kuma ake jin labarin gari, farashin buhu a Katako da motar da ta iso jiya.

Iyayenmu mata da ba su son zama cikin maza a benci, masu tuya suna nan a bakin kowane lungu: cecena da zafinta, waina, da fari masa, wani soyayyen ƙullin fulawa da ake ci da sukari ko da yaji. A haɗa da koko ko kunu. Abin da aka tsamo daga mai a gaban idonki ya fi komai aminci a garin da ba ki sani ba.

Akwai kuma gidajen burodi na zamani a Filato da tsakiyar gari, masu sanyi da kujeru. Ba na kullum ba ne, amma ranar da za a zauna da babban dila a ƙulla ciniki mai nauyi, kuɗin kofi biyu a wuri mai natsuwa ba asara ba ne.

Abincin rana

Abincin da Yamai ke taƙama da shi shi ne dambu da kopto, wato dambu da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, albasa da ɗan mai. Yana da araha, yana riƙe ciki, kuma ba ya sa nauyin jiki ga mai yawon kasuwa. Na biyunsa shinkafa da wake da mai da yaji, wadda Zabarmawa ke kira dunguri nda mo. Mai son tuwo ya nemi kurba-kurba, sunansa ke nan a can, da miyar kuka ko ta lalo.

A kewayen Babbar Kasuwa da Wadata akwai matan Togo da Benin da suka daɗe da zama, masu sakwara, aceke da kifi, da soyayyar ayaba. Akwai kuma ƙananan gidajen abincin Sanagal masu dafa-dukar shinkafa da kifi, kwano guda na isar mutum biyu in ba masu ci da yawa ba ne. Lokacin zuwa shi ne daga ƙarfe 12 zuwa 2 na rana. Bayan la'asar abin da ya rage a tukunya ya sha zafin rana, mu ba mu ba da shawararsa.

Yadda muke gane wurin kirki ba wuya. A duba inda masu shaguna da ƴan dako na kasuwar ke layi, don su ba baƙi ba ne, gobe ma nan za su dawo. A duba ko tukunya a rufe take, a kuma leƙa ruwan wanke kwanoni. Mu kanmu mun taɓa yin sakaci a wata rumfa kusa da wata tasha, mun ga ruwan wankin ya yi kauri amma yunwa ta rufe mana ido, sai da muka kwana biyu ba mu shiga ɗakin watsa shiri ba.

Cikin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, fura da nono, wadda suke kira donu, ta fi abinci mai maiƙo. Akwai zoɓo, da lemu-hari mai citta da lemun tsami, da nonon leda na Solani ko Niger-Lait mai sanyi. Sai dai a tambayi ruwan da aka dama da shi da inda ƙanƙarar ta fito. Ba mu manta ba cewa a 2021 cutar amai da gudawa ta taɓa jihohi da dama na ƙasar nan, har da Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Rigakafi ya fi magani.

Da maraice

Rana na faɗuwa hayaƙin masu nama ke tashi a manyan hanyoyi. Tsire, balangu, gasasshen zabo da kaza, ga burodi a gefe. A zaɓi yanka da kai, a sa a mayar da shi kan wuta a gabanka. Mai son kifi ya gangara bakin kogi wajen Gamkalle ko Yantala, inda lambuna suke, a samu karfasa, tarwaɗa, wani lokaci har giwan ruwa. Iskar wurin kaɗai ta isa ta sauke gajiyar kasuwa. A sani dai, wuraren da ake kira maki yawancinsu ana sayar da giya, wanda ba ya so ya tambaya kafin ya zauna.

A ƙofar gidaje za a ga samari zaune kewaye da butar shayi, ita ce fada. Baƙon da ya yi sallama da ladabi ba ya rasa kofi, kuma su ne suka fi kowa sanin kwatancen unguwa. Kilishin tsaraba kuwa a bari sai ranar komawa, a ɗanɗana kafin a saya, a naɗe shi cikin takarda don leda na sa shi gumi.

Wanda ya samu rabin yini babu ciniki, ya kai kansa gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. Akwai namun daji, akwai maƙera da masaƙa suna aiki a fili, kuma mai sana'a ba ya fita can bai ƙaru da wani sabon samfuri ba.

Kafin mu rufe

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka ƙara kuɗi, riba ta ƙanƙance, don haka kowace dala da aka tsare a hanya riba ce. A ware kuɗin ci da na taksi a aljihu daban tun daga gida, kada a riƙa kwance ɗaurin jari a gaban mai abinci. Kuɗi masu yawa a turo su ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana ko Al Izza, a karɓa kusa da kasuwa. A riƙe katin ɗan ƙasa a jiki. Mata su yi ƙoƙari su taho su biyu ko uku, su haɗa ɗaki da kwano, kuɗin ya ragu kuma wata ta tsare kayan wata. In an sauka gidan ɗan uwa, a shigo da ɗan abin hannu, ko albasa ce ko ƙuli-ƙuli, don shi ma a birni yake sayen komai.

Wanda ya san wani wurin kirki da ba mu ambata ba, ƙofarmu a buɗe take, ya sanar da mu don sauran ƴan uwa su amfana. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gidansa lafiya.