Tsofaffin hotunan gida: yadda za ku kwafe su, ku gyara su, ba tare da an canza muku fuskar kaka ba

Da wuya a sami gidan da babu wata leda ko wani albam a ƙasan akwati, cike da hotunan da aka daɗe ba a duba ba: na ɗaurin auren iyayenku, na Alhaji ranar da ya dawo daga Makka, ɗan fasfon wata gwaggo da ta riga mu gidan gaskiya. Yawancinsu kwafi ɗaya ne tak a duniya, domin fim ɗin da aka wanke su da shi ya tafi tare da shagon mai hoton. Idan wannan takardar ta lalace, shi ke nan.

Me ke lalata hoto?

Zafi, haske da laima. Hoton kala da rini iri uku ake yinsa, kuma ba tare suke koɗewa ba. Mai shuɗi-shuɗin yakan riga tafiya, shi ya sa hotunan shekarun 1970 da 1980 da yawa suka koma jajaye. Hoton baƙi-da-fari ya fi ƙarko, domin da ƙwayoyin azurfa aka yi shi, ba da rini ba. Laimar damina tana kawo fumfuna, tana kuma manne hotuna da juna. Ga gara, ga kyankyasai. Har albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama yana cin hoto a hankali.

Mene ne sikanin?

Sikanin shi ne kwafe hoto da sikana, wata na'ura mai gilashi a sama, kamar ta fotokofi. Ana kifa hoton a kan gilashin, haske ya bi ta ƙarƙashinsa, sai ta mayar da shi fayil, wato hoton da ke zama cikin kwamfuta ko waya.

Abu ɗaya za ku riƙe idan kun je shagon kwamfuta: DPI. Shi ne yawan ɗigon da na'urar ke ɗauka a kowane inci na hoton, kuma inci ɗaya ya ɗan haura santimita biyu da rabi. Yawan ɗigo, yawan kyan hoto idan an ƙara masa girma. Idan za a sake wanke hoton a girmansa na da, 300 ya isa. Idan kuna son a faɗaɗa shi, ko kuma ƙarami ne kamar fasfo, ku ce a sa 600 ko sama. Ku faɗa da bakinku, domin mai shago ya saba da sikanin takardun makaranta, kuma zai iya yi muku da saitin da ya tarar.

Ku kuma tambayi irin fayil ɗin. JPEG ba shi da nauyi, amma duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa sai ya rage kyau. TIFF ba ya rage komai, sai dai yana da nauyi: hoto mai inci 4 da 6 a kan DPI 600 yana kai megabait 25. Hotunan da suka fi muku daraja, ku karɓe su a TIFF.

Waya ba za ta yi ba?

Za ta yi, kuma ta fi jiran ranar da ba ta zuwa. Ku shimfiɗa hoton a inuwa da rana, wurin da haske ya wadata amma rana ba ta dukansa. Ku kashe fitilar kyamara, ku goge idonta, ku riƙe wayar daidai saman hoton kada ta karkace. Akwai manhajar PhotoScan da Google ya fitar a 2016, wadda ke ɗaukar hoton ta kusurwoyi daban-daban ta haɗa su don kawar da ƙyalli. Kafin komai, ku kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Ku ɗauki bayan hoton ma idan akwai rubutu ko hatimin sitidiyo.

Hoton ya manne da gilashi, ko ya yage. Yaya za a yi?

Kada ku ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A kwafe shi ta cikin gilashin yadda yake. Wanda ya yage kuma kada ku liƙa masa salatif, a jera guntayen a kwafe su, kwamfuta za ta haɗa. Laminatin ma ku bar shi. Mun saba yi wa kowace muhimmiyar takarda, amma da zafi ake narka danƙo a jikin hoton, kuma ba ya ciruwa.

Me ake iya gyarawa?

Karce, tabo, layin ninki da koɗewar launi duk suna gyaruwa. Masu wannan aiki suna amfani da manhajoji irin su Photoshop, ko GIMP wadda kyauta ce: su ɗebo launi daga wuri mai lafiya su cike inda ya lalace. Abin da ya goge gaba ɗaya kuwa, kamar rabin fuskar da gara ta cinye, ba ya dawowa. Sai dai a yi cikon hasashe.

A nan ne ya kamata ku yi hattara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Remini, waɗanda cikin daƙiƙoƙi ke mayar da dusasshen hoto tangaran. Ba tono abin da ya ɓace suke yi ba. An koyar da su ne da ɗimbin fuskokin wasu mutane, don haka inda hotonku ya dusashe sai su zana abin da suke zaton ya dace. Ido ya ɗan sauya, hanci ya miƙe, fata ta yi sul-sul. Abin da ya fi shafarmu shi ne zanen fuska. Idan kakarku Bagobira ce ko Babarbariya, ko kakanku yana da bille, manhajar tana iya ɗaukar tsagar a matsayin karce ta share ta. Sai ku wayi gari da kyakkyawar tsohuwa wadda ba taku ba. Haka aikin hula da na babbar riga ke iya rikiɗewa. Sanya wa baƙi-da-fari kala ma canka ce: na'ura ba ta san launin zanen da Inna ta ɗaura ran bikinta ba.

Ba wai kada ku taɓa waɗannan manhajoji ba ne. Amma ku ajiye kwafin farko yadda ya fito daga sikana, da tabonsa da komai, a yi gyara a kan kwafi na biyu. In an gama, ku nuna wa wani dattijo da ya san mai hoton. Idan ya yi jim kafin ya gane shi, gyaran ya wuce gona da iri.

Nawa za a kashe?

Da waya, sai kuɗin data kawai. Shagon kwamfuta bisa yawan hotuna yake caji, don haka ku tara su ku yi ciniki gaba ɗaya, ku kuma tsaya a yi a gabanku ku koma da kayanku. Gyaran hannu ya fi tsada, gwargwadon lalacewar hoton. Ku fara ba da guda ɗaya ku ga aikin mutum tukuna.

A ina za a ajiye?

Ba a waya kaɗai ba: ana sace ta, tana faɗawa ruwa, memori ma yana mutuwa ba sallama. Ku yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta ko filas, ɗaya a hannun ɗan'uwa a wani gida, ɗaya a intanet. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da sauran ajiyarku ke ci daga ciki. Idan za ku tura wa dangi ta WhatsApp, ku bi ta inda ake tura takardu, domin ta hanyar hoto matse shi yake yi ya rage masa kyau.

Takardun asali kuma kada ku zubar. Ku sa su a akwati mai murfi, sama da ƙasa, nesa da bango mai laima da zafin kwano. Ku zauna da Hajiya ko Baffa ku tambaye su: wane ne wannan, a ina, wace shekara? Ku sa amsar a sunan fayil ɗin, ku kuma rubuta ta a bayan hoton da fensir mai laushi, domin tawadar biro tana ratsa takarda.