Tarihin askirim da ƙanƙarar leda: mu sha daɗi, mu kauce wa cuta



Kowa ya san bazarar ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Gidan Rumji da Agye da Gazawa. A wannan lokaci babu hajar da ta kai abin sanyi kasuwa. A tasha, da ƙofar makaranta, da ranar kasuwa, yara suna yawo da kula suna sayar da ƙanƙarar leda: ta zoɓo, ta kuka, ta tsamiya, ta madara. A birnin Maraɗi kuma akwai shagunan da ake sayar da askirim, wato madara da sukari da aka daskarar har suka yi laushi kamar man shanu.

Dalili biyu suka sa muka kawo wannan magana a shafinmu na lafiya da noma. Na farko, yaranmu ne suka fi shan waɗannan abubuwa, kuma cuta tana iya ɓuya a ciki. Na biyu, madara da aya da zoɓo da ake yin su da su amfanin gonakinmu da garkunanmu ne. Bari mu fara da tarihi.

Kafin a ƙago firigo

Tun zamanin da, mutanen ƙasashe masu zafi suna neman hanyar ajiye sanyi. Mutanen Farisa, wadda ake kira Iran a yau, sun gina ɗakunan ƙasa masu kaurin bango da tsinin kai, kamar manyan rumbuna. Da hunturu sai su zuba ruwa a fili ya daskare da dare. Da asuba su fasa ƙanƙarar, su jibge ta cikin rami a ƙarƙashin ginin, su rufe da ciyawa. Haka take zama har bazara.

A ƙasar Sin, zamanin sarakunan gidan Tang, tsakanin shekarar 618 da 907, ana haɗa nono da gari a sanyaya shi cikin ƙanƙara don mutanen fada. A ƙasashen Musulmi ma an san darajar sanyi. Marubutan tarihi sun ce a shekarar 777, da Halifa Almahadi ya tafi aikin hajji, an kai masa dusar ƙanƙara har Makka. Daga baya sarakunan Misira sukan sa a ɗauko musu ita daga duwatsun Sham, a kan raƙuma da cikin jiragen ruwa. Da ita ake sanyaya ruwan ƴaƴan itace mai zaƙi da ake kira sharbat.

Mu lura, duk wannan abin sarakuna ne da attajirai. Talaka randarsa ita ce gatansa.

Sirrin gishiri

Sanyaya abu daban, daskarar da shi daban. Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri. Amma madarar da aka sa wa sukari tana bukatar sanyin da ya fi haka. Saboda haka ƙanƙara ita kaɗai ba ta iya daskarar da ita.

Dabarar da ta warware matsalar ita ce gishiri. Idan aka barbaɗa gishiri a kan ƙanƙara, sai ta riƙa narkewa tana janye zafin duk abin da ke kusa da ita. Sanyin yakan kai kusan digiri 20 ƙasa da sifiri. Idan aka nutsa kwanon madara a ciki, sai madarar ta daskare. Idan kuma ana motsa ta tana daskarewa, iska za ta shiga, ta yi laushi maimakon ta zama dutse. Wannan shi ne asalin askirim.

A Indiya, zamanin Sarki Akbar wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ana dafa madara har ta yi kauri, a zuba a ƙananan mazubai na ƙarfe, a daskarar. Sunan abin kulfi, kuma har yau ana sayar da shi a can. A Turai mutanen Italiya ne suka yi fice. A shekarar 1686 wani ɗan Italiya ya buɗe gidan shan gahawa mai suna Procope a birnin Paris, ya yi suna da kayan ƙanƙara. A 1694 wani mai kula da girkin manya a birnin Napoli, Antonio Latini, ya buga littafi mai bayanin yadda ake haɗa su.

Daga fada zuwa bakin titi

Abubuwa huɗu suka sauko da askirim daga teburin sarki zuwa hannun talaka.

Na farko cinikin ƙanƙara. A 1806 wani ɗan kasuwar Amurka, Frederic Tudor, ya fara yanko ƙanƙara daga tabkunan da suka daskare a kusa da Boston, yana kai wa ƙasashe masu zafi a jirgin ruwa. Ya gano cewa garin katako yana hana ta narkewa da sauri. A 1833 ya aika tan 180 zuwa Kalkata a Indiya. Bayan tafiyar wata huɗu, kusan tan 100 suka isa. Masu kai ƙanƙara ƙauyukanmu a naɗe cikin buhu irin wannan dabara suke bi.

Na biyu, a 1843 wata mace a Amurka, Nancy Johnson, ta ƙago bokiti mai hannun juyawa. Ƙanƙara da gishiri suna kewaye, madara tana tsakiya, mutum yana juyawa. Aikin ya yi sauƙi ƙwarai.

Na uku ya shafi makiyaya. Jacob Fussell mai sayar da madara ne a birnin Baltimore. Sau da yawa madara takan yi masa kwantai ta lalace. A 1851 ya fara mayar da rarar askirim mai yawa, yana sayarwa da araha. Shi ake ɗauka a matsayin wanda ya kafa masana'antar askirim ta farko a Amurka.

Na huɗu injin sanyi. A shekarun 1870 wani Bajamushe, Carl von Linde, ya kyautata injin da ke yin ƙanƙara ko ana tsananin zafi. Daga irin wannan inji firigo ya samo asali.

Amma da abin ya yawaita, sai cuta ta biyo baya. A birnin Landan masu talla suna zuba askirim a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Mai saye ya lashe, ya mayar, a zuba wa na gaba ba tare da wankin kirki ba. Likitoci suka ga hanya ce ta yaɗa tarin fuka da wasu cututtuka. Daga baya hukuma ta hana amfani da kofin.

Yadda ya iso gare mu

A 1960 wani ɗan ƙasar Danmak, Erik Emborg, ya kafa kamfanin madara a Gana, wanda aka sani da Fan Milk. A farkon shekarun 1960 kamfanin ya buɗe masana'anta a Ibadan ta Najeriya. Shi ya yi suna da ƴan talla masu keke da farin akwati a gaba.

A Nijar gwamnati ta kafa ofishin madara na OLANI a Yamai a 1970. A 1998 ya koma hannun ƴan kasuwa da sunan SOLANI. Sunan ya bi bakin jama'a, har mutane da yawa suna kiran kowane nonon leda solani. A 1994 kuma Zeinabou Maidah ta kafa kamfanin Niger Lait.

Da wutar lantarki ta shiga garuruwanmu, matan gida suka kama sana'ar. Mace ta sayi firigo, ta dafa zoɓo ko ta dama kuka, ta ƙulla a leda, yara su fita talla. Gidaje da yawa da wannan ciniki suke samun kuɗin cefane. A yau firigo mai aiki da hasken rana ya fara shiga ƙauyukan da wuta ba ta kai ba.

Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta

Ga babbar maganar da muke so kowa ya riƙe. Wasu suna tsammani duk abin da ya daskare ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Wuta ce take kashe ƙwayoyin cuta. Sanyi kwantar da su kawai yake yi. Da zarar ƙanƙara ta narke a ciki, sai su farka su kama aiki.

Idan an yi ƙanƙara da ruwa marar tsabta, tana iya kawo zawo, da zazzaɓin taifod, da amai da gudawa. Ba mu manta da shekarar 2018 ba, lokacin da kwalara ta ɓulla a Madarumfa ta bazu a jihar Maraɗi, ta kama mutum fiye da 3,000. Ta sake dawowa a 2021. Ruwa da abinci marasa tsabta su ne hanyarta.

Ɗanyar madara ma tana da nata haɗari. Saniya mai tarin fuka tana iya sa wa mutum ta madararta. Haka kuma ciwon nan da ke sa dabba ɓari. Idan ya kama mutum yakan kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi.

Sai matsalar ɗaukewar wuta. Jiharmu takan samu wuta daga Najeriya, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 an yanke ta, jama'a suka sha wahala. Ko ba wannan ba, wuta takan ɗauke da bazara. Kayan madara idan suka narke suka daɗe, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki. Sake daskarar da su ba ya gyara ɓarnar.

Abin da mai sana'a za ta kiyaye

1. Ta yi amfani da ruwan famfo mai tsabta. Idan na rijiya ne, ta tafasa shi, ko ta sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta, ta jira minti 30.

2. Ta tafasa madara kafin ta haɗa komai, ta rufe ta har ta huce.

3. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta fara, da kuma bayan ta fito daga makewayi.

4. Kada ta hura leda da baki don ta buɗe. Numfashi da miyau suna ɗauke da cuta.

5. Ta wanke kula kullum, kuma kada ta ajiye ɗanyen nama ko kifi tare da kayan sha.

6. Kayan madarar da suka narke suka ɗumama, ta zubar. Asarar kwano guda ta fi asarar ran yaro sauƙi, kuma mai saye ɗaya da ya kwanta yakan kori goma.

Abin da iyaye za su kiyaye

Mu sayi wa yara a wurin wadda muka san tsabtarta. Yaro da haƙori yake fasa leda, alhali hannaye da yawa sun taɓa ta. Saboda haka a wanke bayan ledar da ruwa mai kyau tukuna. Idan ledar nono ta kumbura, ko ta canza wari, kada a sha. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Yawan zaƙi yana ɓata haƙora, kuma mai ciwon sukari ya yi nesa da shi.

Idan yaro ya fara zawo, a dama ƙunshi guda na gishirin zawo, wato SRO, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. A ci gaba da ba shi nono da abinci. A kai shi gidan likita ya karɓi ƙwayar zinki. Idan zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, ko idanunsa suka faɗa, kada a kwana a gida.

Bayan an sha, kada a yar da leda a titi. Akuya ko saniya idan ta haɗiye ta, takan taru a tumbinta, dabba ta rame har ta mutu.

Rabon manomi da makiyayi

Labarin Fussell ya dace da halinmu. Da damina madara takan yi yawa a rugage har ta faɗi kasuwa. Da rani kuma ta yi wuya. Duk da yawan dabbobinmu, yawancin nonon leda da garin madara na ƙasashen waje ake yin sa. Ga shi Allah ya ba mu jar akuyar Maraɗi mai albarkar nono. Ga aya, wadda yankin Agye da Cadawa da Gazawa ya yi suna wajen nomanta. Ga zoɓo a gefen gonaki, ga kuka da tsamiya a dawa. Ƙungiyar mata da ta haɗa kuɗi ta mallaki firigo tana iya mayar da waɗannan kaya abin sayarwa mai daraja, kuɗin kuma ya tsaya a gari.

Wanda ba shi da firigo ma yana iya gwada dabarar gishiri a gida. A tafasa lita 1 ta madara da babban cokali 10 na sukari, a bari ta huce. A zuba a leda mai kauri, a ƙulle sosai. A daddaka ƙanƙara a bokiti, awo uku na ƙanƙara, awo ɗaya na gishiri. A binne ledar a ciki, a riƙa girgizawa kamar minti 20. Idan ta daskare, a ɗauraye bayan ledar, a raba wa yara nan take. Kunun aya ma haka ake yi masa.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabtansa, musamman mata masu wannan sana'a. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.