Daniel Amokachi: Bijimin Kaduna Da Ciwon Gwiwa Ya Durƙusar

'Yan Arewa mazauna Kurmi, musamman waɗanda suka fito daga Jihar Kaduna, tun daga Tudun Wada zuwa Kujama har can Kafanchan, ba sai an gaya masu ko wane ne Daniel Amokachi ba. Abin da watakila da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda wasan nasa ya ƙare da wuri, watau tun bai cika shekara 30 ba, daidai lokacin da sa'o'insa ke kan ganiyarsu.

An haife shi a Kaduna ran 30 ga watan Disamba 1972. Ya fara yin suna ne a ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989. A nan ne Clemens Westerhof, mutumin ƙasar Holan mai koyar da 'yan wasan Nijeriya, ya ƙyalla ido ya gan shi, ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka a Aljeriya cikin watan Maris 1990, yana ɗan shekara 17 kacal. Shekarar ba ta fita ba sai da ƙungiyar Club Brugge ta Beljiyam ta ɗauke shi, sai ga yaron cikin sanyin Turai. Ƙirarsa da yadda yake kutsawa cikin masu tsaron baya ya sa aka yi masa laƙabi da Bijimi.

A 1994 Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya, da shi a ciki. Daga nan sai gasar duniya a Amurka, inda ya jefa wa Bulgeriya ƙwallo ɗaya, ya jefa wa Girka ɗaya. Everton ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 3.

To, a Everton ɗin ne ya yi abin da har yau ake labari. Manajan da ya kawo shi bai daɗe ba aka sallame shi, sabon kuwa, Joe Royle, yawanci a benci yake ajiye shi. Ran 9 ga watan Afril 1995, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Tottenham, sai Paul Rideout ya ji ciwo, ana duba shi a bakin fili. Royle bai ce a yi canji ba tukuna, amma Amokachi ya miƙe ya shiga fili abinsa. Da abin ya ɓaci, da ƙila zamansa a Ingila ya ƙare ke nan, domin babu manajan da zai yarda yaronsa ya yi masa haka a bainar jama'a. Sai ga shi ya ci biyu, aka tashi 4 da 1, Everton kuma ta je ta doke Manchester United ta ɗauki kofi. Wanda ya ci biyu ai ba a tambayarsa wa ya aike shi.

Ran 3 ga watan Agusta 1996, a wasan ƙarshe na Olamfik a Amurka, Ajantina na gaba da 2 da 1, shi ne ya farke, kafin Emmanuel Amunike ya jefa ta uku. Mai karatu ya lura, ƙwallon farko ta Nijeriya a wannan rana Celestine Babayaro ne ya ci, shi ma haifaffen Kaduna, ga kuma Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin ƙungiyar. Gari ɗaya ya ba da wannan duka.

A shekarar ne ya koma Besiktas ta Turkiyya. Amma fa gwiwa ta fara ba shi wahala. A gasar duniya ta 1998 a Faransa wasa ɗaya tak ya yi, da Bulgeriya, inda ya miƙa wa Victor Ikpeba ƙwallon da aka ci wasan da ita. Bayan ya bar Besiktas a 1999 sai aka shiga yawo: a Jamus ƙungiyar 1860 Munich ta so shi, likitoci suka duba suka ce a'a, ya gwada a Ingila da Faransa, bai yiwu ba, a 2002 Colorado Rapids ta Amurka ta ɗauke shi, ta sake shi tun ba a fara wasannin shekara ba. Mutumin da ƙato biyu ba sa iya tare shi, gwiwa ɗaya ta zaunar da shi.

Ya dawo gida ya kama aikin koyarwa, ya riƙe Nasarawa United, ya kuma taɓa Enyimba ta Aba. Shi ne mataimakin marigayi Stephen Keshi sa'ad da Nijeriya ta ci kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013, shekara 19 bayan wanda su biyun suka ɗauka tare suna 'yan wasa a Tunis.