Kujerar Manomi a Kwamitin Ba Gwamnati Shawara Kan Irin Shuka

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dambatta, ko Bichi, ko Makoɗa, ko Minjibir, ya san yadda gonakinmu suke. Gona manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye, babu wani dajin da mutum zai sara in tasa ta gaji. Gonar da kakanni suka noma ita jikoki ke nomawa kowace damina, ana ciyar da ita da takin dabbobi da toka da shara. A irin wannan ƙasa, in ka cire ruwan sama, babu abin da manomi yake ji da shi kamar iri. Shi ya sa da kaka za ka ga maigida yana zaɓen zangarniyar geron da ta fi kyau, ya ɗaure ta daban, ya kai ta ƙuryar rumbu. Kome tsananin bazara ba a taɓa ta.

To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai dokar da ta shafi mallakar iri a Nijeriya, akwai kuma kwamitin da aka kafa don ya riƙa ba gwamnati shawara a kanta. Cikin kujerun kwamitin nan har da ta wakilin manoma. Nufina in bayyana aikin kwamitin, da abin da ake bukata ga wanda zai zauna a wannan kujera. Amma sai mun fara sanin abubuwan da gwamnati ke yi wa rajista don a san mai su.

Na farko shi ne tambarin kasuwanci, watau suna ko zanen da kamfani ke bugawa a jikin kayansa, kamar wanda muke gani a buhun taki ko a ledar iri. Dokarsa ta 1965 ce. In mutum ya yi rajistar tambari, nasa ne har shekara 7, sa'an nan ya riƙa sabuntawa duk bayan shekara 14. Amfaninsa ga mai saye shi ne ya san wanda zai kama in kaya suka fita ba kyau.

Na biyu shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira. Wanda ya ƙago wani sabon abu, misali injin sussuka irin wanda ba a taɓa yi ba, ana ba shi takarda don kada wani ya ƙera irinsa ya sayar ba da izninsa ba, har shekara 20. Dokar wannan ta 1970 ce, kuma ta faɗa a fili cewa ba a ba da irin wannan takarda a kan nau'in tsiro ko na dabba.

Saboda haka aka daɗe masu fitar da sabon iri ba su da wata takardar mallaka. Sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Kare Nau'in Tsirrai, wadda ita ce ta uku. Ta kafa ofishin rajista a ƙarƙashin Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa. Wanda ya samu takarda a ofishin nan, shi ke da ikon yawaita irin da sayar da shi har shekara 20, in kuwa itace ne shekara 25.

Wani zai ce, ina dalilin ba mutum ikon mallakar abin da Allah ya tsirar? Amsar masu dokar ita ce fitar da sabon iri aiki ne na shekaru. Dattawanmu ba su manta da 1975 ba, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Arewa, fari bai daɗe da wucewa ba. Masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tare da abokan aikinsu sun sha wahala kafin su fitar da gyaɗa mai jure wannan cuta. Irin da suke fitarwa shi ne muke ji ana kira SAMNUT in gyaɗa ce, SAMPEA in wake ne, SAMSORG in dawa ce. Ana ganin in mai wannan wahala ya san zai ci moriyarta, kamfanoni ma za su zuba kuɗinsu a ciki.

Ba kowane iri ake ba takarda ba. Sai ya cika sharaɗi 4: ya zama sabo, ya bambanta da duk wanda aka riga aka sani, tsirransa su yi kama da juna, kuma kada ya sāke hali in an yi ta shuka shi shekara da shekaru. Ashe ke nan kanannado da ɗan'ila, da kaura da farfara, waɗanda muka gada kaka da kakanni, dokar ba ta hana kowa ajiye su ko sayar da su ba. Ba sababbi ba ne, babu mai ikon cewa nasa ne.

Yanzu sai kwamitin. Dokar ta tara mutane daga wurare dabam-dabam: wakilin ma'aikatar gona, da na ƙungiyar masu fitar da sabon iri, da na 'yan kasuwar iri, da na jami'a, da na ofishin Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya, da masu rajistar tambari da ta haƙƙin ƙirƙira, sa'an nan da wakilin ƙungiyar manoma mai rajista. Aikinsu shi ne su ba Ministan Gona shawara kan yadda za a zartar da dokar, su kuma karɓi rahoton waɗanda suka nemi takarda da sakamakon gwajin da aka yi wa irinsu. Kada a haɗa shi da wani kwamitin na dokar 1987, mai ofis a Ibadan, wanda shi ke duba ko sabon iri ya isa a raɗa masa suna a sake shi ga manoma. Wancan maganar inganci yake yi, wannan kuwa maganar mallaka.

Shawara ba umurni ba ce, minista yana iya ɗauka yana iya bari. Amma Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, kuma gefen da ba a sa hannu ba shi ke karkacewa. Ga misali. Dokar ta ce haƙƙin mai iri bai hau kan wanda ya yi amfani da shi don kansa, ba don ciniki ba. Ta kuma ce akwai amfanin gonar da minista zai lissafta, waɗanda manomi zai iya ɗiba daga abin da ya girbe ya sāke shukawa a gonarsa, daidai gwargwado. To, wane amfani ne zai shiga lissafin? Ina iyakar gwargwadon? Ina matsayin matar da ta kai tiya biyu ta wake kasuwar Dambatta, wani ya saya ya shuka? Ina na wanda shukarsa ta ƙone bayan ruwan farko, maƙwabci ya ranta masa iri zuwa kaka? A wurinmu wannan zaman tare ne. A takarda kuwa, in irin mai rajista ne, ana iya kiransa da wani suna. Irin wannan tsoro ne ya sa waɗansu ƙungiyoyi suka soki dokar tun fitowarta. In babu wanda ya san rance da musayar iri a wurin da ake tsara ƙa'idodi, za a tsara su ne da idon wanda ya san iri a cikin leda kawai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗauki wake. Wanda ya san shi a littafi zai tambayi buhu nawa yake bayarwa. Manomin Kunchi kuwa zai ƙara da tambaya ko yana yaɗo a ƙarƙashin gero, ko yana ba da harawar da tumaki za su ci da rani, ko ƙwayarsa fara ce babba wadda ake nema a kasuwar Dawanau. Babu harawa babu dabba, babu dabba babu taki, babu taki kuwa gonarmu ta mutu. Masana na cibiyar IITA, masu gonar gwaji a Minjibir, sun lura da haka, suka yi aiki a kan wake mai ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya. Wannan sani yana da amfani a wurin rajista ma. In wani ya kawo waken da bai bambanta da na kakanninmu ba ya ce sabo ne, dokar ta ba da damar a kai ƙorafi, amma sai wanda ya san waken ne zai gane shi.

Wanda aka ba irin wannan kujera an ɗora masa amana, kuma tana da ladubba. Ya karanta takardun taro tun kafin ranar zama, ya nemi mai sani ya warware masa inda ya shige masa duhu. Ya zaga ya ji ta bakin waɗanda yake wakilta, har da mata, don su ne masu adana irin kuɓewa da yakuwa da riɗi a gidaje da yawa. In maganar da ake yi ta shafi kamfanin da yake da hannu a ciki, ko na ɗan'uwansa, ya faɗa ya janye. Ya riƙe sirrin masu neman takarda, kada ya kai wa abokan takararsu. In an tashi, ya komo gida ya ba da labarin abin da aka yanke. Wanda ya je don kuɗin zama da kwanan otel, ya yi shiru har aka watse, da shi da kujerar banza duk ɗaya.

A nan ne maganar ta zo kanmu, mu ɗalibai. Takardun nan da Turanci ake rubuta su, Turancin ma na lauyoyi da na masana kimiyya. Iyayenmu sun san gona, amma da yawansu ba su sami wannan karatu ba. Masu karatun kuwa da yawa ba su taɓa riƙe hauya ba. Mu ne muke tsakiya: da safe muna aji muna koyon ilmin halittu, da hutu muna gona muna noman firi. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako nan a Dambatta, ga Jami'ar Bayero, ga Samaru. Cikinmu ne ya kamata a sami mai fitar da iri, da lauyan da ya san dokar tambari, da wakilin da zai tashi a Abuja ya bayyana ma'anar rancen iri. Saboda haka kada ɗayanmu ya ji kunyar cewa shi ɗan manomi ne, ko ya raina darasin aikin gona.

Iyayenmu kuma, roƙona gare ku shi ne ku shiga ƙungiyoyin manoma masu rajista, domin ta nan wakili yake fitowa, ku kuma zaɓi mai gaskiya ba mai yawan surutu ba. In kun sayi iri ku ajiye ledarsa da tambarinta da rasit har kaka. Ku ci gaba da adana irin gado ko da kun karɓi sabo, ku koya mana sunayensa da halinsa, mu kuwa mu rubuta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu wakilai masu riƙon amana, amin.