Jarin Da Ake Zubawa A Kan Maganin Ciwon Daji Mai Zuwa Kai Tsaye

A shekarar 2022 mutane wajen miliyan 20 ne aka gano suna ɗauke da ciwon daji a duniya, kusan miliyan 10 kuma suka rasu, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Babbar illar magungunan da aka saba da su ita ce ba sa bambanta ƙwayar halitta mai ciwo da mai lafiya, shi ya sa gashi ke zubewa, jini ya ragu, kuɗin jinya ya ƙaru.

Wata dabarar da masana ke gwadawa ita ce ɗaura maganin a jikin wasu gajerun sarƙoƙin furotin masu iya ratsa bangon ƙwayar halitta, su shigar da shi ciki. An fara gano wannan hali a 1988 a jikin furotin ɗin Tat na ƙwayar cutar ƙanjamau. A 1994 kuma ayarin Alain Prochiantz a Faransa ya samo makamancinsa daga wani ƙuda.

Sai dai waɗannan sarƙoƙi ba su da zaɓe, duk ƙwayar da suka tarar shiga suke yi. A 2004 ayarin Roger Tsien a Amurka ya yi musu takunkumi, wanda ba ya kwancewa sai sun gamu da wasu sinadarai da ƙarin daji ke fitarwa da yawa. Duk da haka jini yana saurin narkar da su, wasu kuma kan maƙale bayan sun shiga, gwaje-gwaje a jikin mutane kuwa suna cin shekaru da maƙudan kuɗi.

Abin da ke ƙarfafa wa masu jari gwiwa shi ne cinikin dabarun da suka riga ta shiga kasuwa. A 2018 Novartis ya kammala sayen kamfanin da ya ƙirƙiro Lutathera a kan Dala biliyan 3.9, a 2023 kuma Pfizer ya saye Seagen a kan Dala biliyan 43. Gajerun sarƙoƙin suna da wata fa'ida a nan: ana harhaɗa su da sinadarai a masana'anta, abin da galibi ya fi noman manyan furotin araha.

Ga Nijeriya, inda ake shigo da akasarin magungunan ciwon daji da kuɗin waje, majinyata kuma ke biya daga aljihunsu, farashin da maganin zai iso da shi ne zai nuna ko talaka zai amfana.