Yadda Ake Auna Gogayya

Kowa a cikinmu ya taɓa jan buhun gero a ƙasa, ya ji yadda yake cijewa. Kowa kuma ya taɓa zamewa a bakin rijiya, inda ruwa ya jiƙa daɓe. Abin da ya riƙe buhun shi ne gogayya. Ƙarancinta kuwa shi ya kawo santsi a bakin rijiya. Duk inda abu biyu suka haɗu, ɗaya yana neman zamewa bisa ɗaya, gogayya ce take hana shi.

To, gogayya tana da awo, kamar yadda hatsi yake da mudu. A makarantun sakandare akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, inda 'yan makaranta suke auna ta. Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar dogon katako mai faɗi, da guntun katako mai siffar bulo, da igiya, da sikeli mai ƙugiya irin wanda ake rataya kaya a auna. Mu ma muna iya yin wannan gwaji a ajinmu.

Da farko sai mu rataya guntun katakon a sikeli, mu ga nauyinsa. Mu ce ya yi kilo 2, watau giram 2,000. Sa'an nan mu shimfiɗa dogon katakon a ƙasa mai daidai, mu aza guntun a kansa. Mu ɗaura masa igiya, mu maƙala ta a ƙugiyar sikeli, mu ja a hankali. A ja a miƙe, kada hannu ya yi sama ko ƙasa. Mutum ɗaya yana ja, ɗaya yana duban sikeli.

Da fari guntun ba zai motsa ba, ko da yake sikeli yana hawa. Can sai ya zabura. Da ya fara tafiya, sai sikeli ya ɗan sauka. Ashe tayar da kaya ya fi ci gaba da jansa wuya. Mu rubuta abin da sikeli ya nuna yayin da guntun yake tafiya sannu a hankali. Mu yi haka sau uku, mu ɗauki tsaka-tsaki, domin awo ɗaya yana iya ruɗin mutum.

Mu ce sikeli ya nuna giram 800. Sai mu raba ƙarfin ja da nauyin kaya. In an raba 800 da 2,000, ana samun 4 cikin 10. A rubuce shi ne 0.4. Wannan ita ce lambar gogayya tsakanin katako da katako.

Yanzu mu aza dutse mai kilo 2 bisa guntun. Nauyi ya zama giram 4,000. Sikeli zai nuna wajen giram 1,600. In mun sake rabawa, 0.4 ɗin nan za mu samu. Mu sauke dutsen, mu juya guntun ya kwanta kan siririn gefensa. Sikeli zai koma wajen 800 ɗinsa. Amma mu shafa sabulu a dogon katakon, mu gani. Nan da nan ja zai yi sauƙi, lambar ta faɗi.

Me muka koya? Kaya in ya ninka nauyi, ƙarfin jansa ma ya ninka. Faɗin gindin kaya bai cika sake kome ba. Abin da ke sake lambar shi ne irin fuskoki biyun da suka haɗu, ko masu kaushi ne, ko masu santsi, ko busassu, ko jiƙaƙƙu. Wani masani Bafaranshe mai suna Amontons ya bayyana wannan a shekarar 1699. Tun kafin shi, Leonardo da Vinci na ƙasar Italiya ya rubuta haka a takardunsa a 1493.

Kada wani ya ce wannan wasan 'yan makaranta ne. Tayar mota a kan busasshiyar kwalta tana da lamba wajen 0.7. In an yi ruwa, tana iya sauka zuwa 0.4. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in direba ya taka birki a busasshiyar hanya, za ta tsaya bayan kamar mita 14. A jiƙaƙƙiyar hanya kuwa sai ta ci kusan mita 25. Direban ɗaya ne, birkin ɗaya ne, gogayya ce ta ragu. Saboda haka mu gargaɗi 'ya'yanmu da damina. Kada su tsallaka titi don sun ga mota da ɗan nisa. Mu kuma riƙa zuba yashi inda daɓen bakin rijiya ya yi santsi, domin tsofaffi da mata masu ciki.

Tambayoyi

1. Mene ne gogayya?
2. Don me ake maimaita awo sau uku?
3. Kaya mai kilo 10 ya bukaci jan kilo 5. Nawa ce lambar gogayya?