Tsadar Kayan Miya da Tanadin Magidanci

Babu magidanci a ƙasar nan, ko ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata ko mai sana'ar hannu da ke ci daga gumin yininsa, wanda bai lura ba cewa kuɗin cefanen da ya saba ajiye wa uwargida da safe, waɗanda a da sukan ɗauke tumatir da attaruhu da albasa har a sami rarar sayen daddawa, yanzu yaro kan dawo da su 'yan ƙwayoyi a gindin leda, a tsaya ana tuhumarsa da cin canji alhali kuwa bai ci ko kwabo ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, watau abin da aka saya naira 1,000 shekara guda kafin nan, a lokacin sai an ƙirga 1,400 kafin a ɗauka.

Sababan wannan musiba ba ɓoyayyu ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta janye tallafin man fetur, daga bisani aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, injin ban ruwan manomi da motar da ke fito da kayansa daga gona suka ƙara kuɗi a lokaci guda, taki da maganin feshi suka bi sahu, ga kuma 'yan bindiga da suka raba manoma da yawa da gonakinsu a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Waɗannan al'amura ne na mahukunta, kuma su za a tambaya a kansu duniya da lahira. Magidanci ba shi da iko da su sai addu'a da ƙuri'arsa.

Amma fa tsadar kayan gwari tana da wani asali da ya girmi wannan gwamnati da wadda ta gabace ta, kuma shi ne wanda mai hankali zai iya yi wa dabara. Galibin tumatirin da muke ci na noman rani ne. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin Janairu da Maris, lokacin da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure masu shan ruwan madatsar Tiga suke nuna gaba ɗaya, zai ga kwanduna jere a Kwanar Gafan iyakar ganinsa, manyan motoci na lodi zuwa Legas, manomi na roƙon dillali ya ɗauka ko nawa ne, domin ya san idan kayan suka ƙara kwana biyu a rana sai dai a zubar. A cikin motar ma kwandon sama yana danne na ƙasa, ruwan tumatir na tsiyaya a kwalta tun kafin a kai rabin hanya. Da zafin bazara ya tsananta, damina ta kawo kai, sai gonakin su ɗauke, tumatir ya zama abin da ake ƙirga wa mutum ɗaya bayan ɗaya. Wata shekara kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa wa gonaki, kamar yadda ta yi a 2016 har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ko kamfanin sarrafa tumatir da Ɗangote ya buɗe a Kadawa a waccan shekarar ya sha tsayawa saboda rashin isassun kaya. Abin nufi, arha da tsada suna zagayowa ne a kan lokaci sananne, kuma abin da aka san ranar zuwansa bai kamata ya riski mutum ba shiri ba.

Kakanninmu mata, waɗanda ba su san firji ba balle su yi kukan rashin wuta, sun warware wannan mas'ala da kauɗa. Akan sami tumatir nunanne mai tsoka, wanda bai fara ruɓa ba, a wanke shi, a yanka gida biyu ko huɗu, a shimfiɗa a kan tsabtatacciyar tabarma bisa rufin soro ko wani abu mai tudu, cikin yankan yana duban sama, a bar rana da busasshiyar iskar hunturu su yi aikinsu, ana juyawa, ana kwashewa da yamma saboda raɓa, har ya bushe ƙayau. Haka ake yi wa tattasai da attaruhu da kuɓewa. Sai a zuba a mazubi mai murfi a ajiye inda laima ba ta kai, gama danshin damina shi ne ke sa masa fumfuna, kuma wanda ya yi fumfuna zubar da shi ya wajaba. Ranar buƙata a jiƙa shi a ruwan ɗumi a kai markaɗe. Da yawa daga masu ƙyamar kauɗa sun ƙyamace ta ne saboda irin wadda ake shanyawa a gefen titi, ƙura na hawa, awaki na takawa, ta zo baƙa ƙirin da tsakuwa a ciki. Wadda mace ta yi da hannunta a gidanta ja take fitowa, miyarta kuma ba ta da abin kushewa.

Akwai kuma wata hasara da ba a cika lissafa ta ba, ita ce ta sayen kashi-kashi. Talaka, saboda ba ya iya tara kuɗin kwando, shi ne ke sayen abinci da mafi tsada a gari, domin kafin tumatir ya iso teburin mai kayan miya na unguwa ya bi ta hannun dillali da ɗan sari da mai kura, kowa ya ɗora ladansa. Da gidaje biyar ko shida na layi ɗaya za su haɗa kuɗi, irin yadda mata ke zubin adashi, su wakilta amintacce ya je kasuwar 'Yankaba da sassafe ya saro kwando da buhun albasa, ko ya je kasuwar Dawanau da kaka ya auno gero da wake, a zo a raba da kwano a gaban kowa, da ladan nan ya tsaya a aljihunsu. Sharaɗin kawai amana ne, kuma na san a nan ne abin kan yi wuya. Kada kuma wani ya rikita wannan da ihtikari, watau ɓoye abinci don a sayar bayan ya yi tsada, wanda shari'a ta hana, wanda kuma a kan zarginsa hukumomin Kano suka rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau a farkon 2024. Malaman fiƙihu sun halatta wa mutum tanadin abin da iyalinsa za su ci, ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam, kuwa ta ishi mai neman hujja.

Sa'an nan sai mu yi wa kanmu adalci game da miyar kanta. An wayi gari a birane ana ganin in ba jar miya aka yi ba to ba a yi girki ba, har uwargida kan ji nauyin maƙwabta su ji ƙamshin kuka daga madafinta, alhali kuka da karkashi da busasshiyar kuɓewa, da zogale da rama da yakuwa da alayyafo, su suka raini iyayenmu, likitoci kuma yau suna kwaɗaitar da cin ganyen. Damina da ke tsadar da tumatir ita ce ke arhar da waɗannan. Tsohon buhun siminti da aka cika da ƙasa da takin tumaki, aka jingina a bango inda rana ke samu, ya isa ya riƙe alayyafo ko tushen attaruhu, ko da a gidan haya ne.

Ku kuma magidanta, kafin ɗayanku ya ɗaga murya a kan miya ta yi tsululu, ya daure ya karɓi kuɗin cefanen ya je kasuwar da ƙafarsa ko da sau ɗaya ne. In kuma Allah ya kai mu Janairu, a ware kuɗin kwando ɗaya tun kaya suna zube, a miƙa wa uwargida tare da sabuwar tabarma.